Yadda ake auna lasifikan mota masu tsada, a saita su har sautin ya zauna

Wanda ya sayi Focal Utopia M na Faransa, ko Hertz Mille da Audison Thesis na Italiya, ko Dynaudio Esotar na Denmark, ya ɗaura su a ƙofar Corolla kamar yadda ake ɗaura na bakin kasuwa, abin da zai ji ba zai kai rabin kuɗinsa ba. Kamfani yana auna lasifika ne a ɗakin da bangonsa ba ya dawo da sauti, makirufo na fuskantarta daga nisan mita ɗaya. A mota kuwa tana can ƙasa wajen idon sawu, tana kallon ƙafar wanda ke gefe, gilashi na dawo da wani sautin, kujeru na shanye wani, ƙarfen ƙofa na rawa tare da ita. Shi ya sa awo biyu ake yi: na lasifikar ita kaɗai kafin ta shiga mota, da na abin da ke isa kunnen direba bayan an ɗaura. Na biyun ya fi cin lokaci, kuma shi ne ya fi canja abin da ake ji.

Kayan da za ka tanada

Kwamfutar hannu mai manhajar awon sauti ta REW, wadda kyauta ake sauke ta. Makirufon awo irin UMIK-1 na miniDSP, wanda ake sakawa a ramin USB. Kowane ɗaya yana da fayil ɗin gyaransa da ake saukewa da lambar da ke jikinsa, kuma iri biyu ne, na digiri 0 da na digiri 90. A mota na 90 ake so, domin makirufon sama zai kalla. Makirufon waya ba ya wannan aikin, yana datse sautin ƙasa, wato bes, kuma yana rage ƙarfi da kansa. Sai maltimita, tef ɗin awo, batirin AA guda, da caja mai riƙe batirin mota. Idan aikin sana'arka ce, ƙara DATS V3 na Dayton Audio, na'urar da ke auna halin lasifika cikin daƙiƙa kaɗan. Jagorar nan ta ɗauka akwai DSP a motar, wato na'urar da ke rarraba sauti ta kuma gyara shi kafin ya isa amfilifaya, irin na Helix ko Audison, kuma kowace lasifika tana da layinta daga amfilifaya. In babu DSP za ka iya aunawa, amma gyaranka zai tsaya ga ƙofa da wurin ɗaurawa.

Fara da lambobin jikin kwali

Babbar lambar da ake bugawa da jan rubutu, wat 300 ko 600, ƙarfin ɗan lokaci ne, ba ta da amfani wajen zaɓen amfilifaya. Nemi RMS, wato ƙarfin da take ɗauka a kai a kai. A amfilifaya kuma duba ko an auna ta bisa ƙa'idar CTA-2006, wato a bolt 14.4, a kan ohm 4, gurɓacewar sauti ba ta wuce kashi 1 cikin 100 ba.

Lambar da ake yawan ruɗar mutane da ita ita ce ta ƙarar da lasifika ke bayarwa, wadda ake rubutawa da dB. Wani kamfani zai rubuta 1W/1m, wani 2.83V/1m. Bolt 2.83 a kan ohm 8 wat ɗaya ne, amma a kan ohm 4, wanda shi ne na yawancin lasifikan mota, wat biyu ne. Ninka wat sau biyu yana ƙara dB 3. Don haka lasifika mai ohm 4 da aka rubuta wa dB 91 a 2.83V daidai take da wadda aka rubuta wa 88 a 1W. Haka nan rubutun cewa tana kaiwa daga Hz 40 zuwa 25,000 (Hz ma'aunin zangon sauti ne, ƙaramar lamba bes, babba siririn sauti) ba ya gaya maka komai in ba a faɗi dB nawa take hawa ko sauka a tsakanin ba.

Lambobi uku ne za su yi maka aiki nan gaba. Fs, zangon da lasifikar ke kaɗawa da kanta. Qts, yadda take riƙe kanta a wannan zangon. Da Xmax, nisan da takardarta, wato faifan gabanta mai motsi, ke iya tafiya kafin sauti ya fara lalacewa. Lasifikar ƙofa mai inci 6.5 galibi Fs ɗinta na tsakanin Hz 50 da 80. Rubuta Fs na tiwita, ƙaramar lasifikar siririn sauti, a takarda, da shi za ka kare ta daga ƙonewa.

Gwaji a kan tebur

Sa maltimita a ohm, taɓa bakin wayoyin. Lasifika mai ohm 4 za ta nuna wajen 3 zuwa 3.6, wannan daidai ne. Abin dubawa shi ne hagu da dama su zo kusan ɗaya. Sannan ka ɗora yatsu huɗu kewaye da tsakiyar takardar, ka danna a hankali daidai wa daida. In ka ji gurzawa kamar yashi, kwayil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke cikinta, na taɓa ƙarfe, mayar da ita kafin ka yanke waya ko ɗaya. Kada ka danna kan tiwita ko kaɗan. Wasu masu tsadar, kamar na jerin Utopia, da beriliyam ake yin su, ƙarfe ne mai saurin lotsewa, kuma ƙurarsa guba ce idan ya fashe.

Mai DATS zai rataye lasifikar a iska ko ya riƙe ta nesa da tebur, ya auna. Layi zai tashi sama a wuri ɗaya, nan ne Fs. Sabuwar lasifika kan nuna Fs sama kaɗan da na takardar kamfani domin gefenta bai saki ba tukuna, amma idan kamfani ya ce 60 kai ka ga 95, ko hagu da dama sun sha bamban sosai, to ka tuhumi kayan. Jabun manyan sunaye sun yi yawa, kwali da tambari ba sa bambanta su, wannan awon yana bambantawa.

Ƙofa

A nan yawancin bes ke ɓacewa. Lasifika na tura iska gaba da baya a lokaci guda, sautin baya kishiyar na gaba ne. Idan suka haɗu ta ramukan da ke jikin ƙarfen ciki na ƙofa, sai su kashe juna, a ji murya amma ganga ba ta da jiki.

Cire murfin ƙofa, goge ƙarfen waje daga ciki har ƙurar hunturu da maiƙo su fita, in ba haka ba abin da za ka liƙa zai ɓanɓare. Liƙa tabarmar butil mai fuskar alminiyam, irin Dynamat ko STP, a kan kashi 25 zuwa 50 cikin 100 na faffaɗan wurin, ka bi ta da rola. Ƙwanƙwasa da yatsa: ƙarar gwangwani ta koma ƙarar katako, ya isa. Guji mai arha da aka yi da kwalta. Motar da ta wuni a rana a watan Afrilu za ta narkar da ita, ta zubo kan ƙarfen ɗaga gilashi, ga wari. Manyan ramukan ƙarfen ciki a rufe su da faranti mai tauri na roba ko alminiyam da za a iya kwancewa in makaniki zai yi aiki. Ramukan zubar ruwa na can ƙasan ƙofa kuwa a bar su a buɗe.

Zoben da lasifika za ta zauna a kai ya zama na roba mai tauri. Katakon MDF yana shan ruwan da ke gangarowa ta gilashi da damina, ya kumbura, sukurori su saki. Sa siririn soso tsakanin lasifika da zoben, sannan wani zoben soso a gabanta da zai haɗe da murfin ƙofa, don sautin ya fito cikin mota maimakon ya yi yawo bayan murfi. Sauke gilashi har ƙasa ka tabbata ba ya taɓa maganaɗisu.

Kafin ka rufe, taɓa batirin AA a wayoyin lasifikar ƙofa, fositif a fositif. Takarda ta yi tsalle waje. In ta shiga ciki, wayoyin sun juye. Ba a yi wa tiwita wannan gwajin. Ita tiwita, sa mata kapasita marar fositif da negetif a jere da wayarta, mai µF 22 zuwa 33 idan ohm 4 ce. Mai 33 yana fara datsewa wajen Hz 1,200, mai 22 wajen 1,800. Ba shi ne zai raba sauti ba, kariya ce daga bugun kunna amfilifaya ko kuskuren danna maɓalli a DSP.

Wuta da gen

Batir mai lafiya yana nuna wajen bolt 12.6 a kashe, 13.8 zuwa 14.4 idan inji na aiki. Auna a bakin amfilifaya yayin da kiɗa ke bugawa da ƙarfi. Idan ya faɗi da fiye da rabin bolt bisa abin da ke bakin batir, waya ta yi siriri ko wayar ƙasa, wato negetif da ake ɗaurewa a jikin mota, ba ta kama ƙarfe sosai ba. Wayar CCA alminiyam ce da aka shafa wa tagulla, ba ta ɗaukar wuta kamar tagulla zalla mai kauri ɗaya da ita. Fiyus kuma kada ya wuce santimita 45 daga batir.

Gen ba maɓallin ƙara murya ba ne, daidaita amfilifaya yake da ƙarfin siginar da ke shigo mata. Cire wayoyin lasifika duka. Kashe ikwalaiza da ƙarin bes na rediyo, kai murya kashi uku cikin huɗu. Lissafin shi ne: ninka wat da ohm, ka ɗauki tushen murabba'insa. Wat 75 a ohm 4 ya ba da 300, tushensa bolt 17.3, wat 100 ya ba da bolt 20. Kunna sautin gwaji, sa maltimita a AC a bakin fitar amfilifaya, murɗa gen har lambar ta zo. Maltimita masu arha an yi su ne don wutar gida mai Hz 50 ko 60, suna iya yin ƙarya a Hz 1,000, don haka in irinsu gare ka, yi amfani da sautin Hz 60 tare da kashe kurosoba, mai raba wa kowace lasifika zangonta, na ɗan lokaci, ka tuna ka mayar kafin ka haɗa lasifikan. Layin tiwita ba ya bukatar kaiwa wannan lambar, bar shi ƙasa sosai.

Rediyon da ya zo da mota matsala ce ta daban. Da yawa an riga an lanƙwasa sautinsu don ya dace da lasifikan kamfani, wasu ma suna rage bes yayin da ake ƙara murya. DSP mai shigar da siginar lasifika kai tsaye yana da hanyar miƙe wannan. Yi shi tun yanzu.

Awon cikin mota

Nemi wuri mai shiru da inuwa, da sassafe ko bayan la'asar, domin inji da AC a kashe za su kasance, gilasai a rufe. Janareton maƙwabci yana shiga awon bes ko da kunnenka ya saba da shi. Buɗe RTA, shafin da ke nuna ƙarfin kowane zango nan take, a REW ba tare da kunna komai ba ka ga inda hayaniyar wurin ta tsaya; sautin gwajinka ya ɗara ta da aƙalla dB 20. Jona caja a batir. Gyara kujera yadda mai motar ke tuƙi, kwashe kaya daga but.

A sashen Generator na REW zaɓi sautin gwaji na Pink PN, ajiye shi a fayil ɗin WAV, sa a filasha, ka kunna ta rediyon motar, ta hanyar da ake sauraron kiɗa kullum. A RTA sa 1/48, tsawon FFT ya zama daidai da na fayil ɗin, misali 64k, taga Rectangular, matsakaici kuma Forever. Ƙarfin ya tsaya dB 75 zuwa 80.

Kafin ka kunna, sa kurosoba na kariya: tiwita kada ta sauka ƙasa da ninki biyu na Fs ɗinta, lasifikar ƙofa kuma a datse ta a Hz 60.

Lasifika ɗaya-ɗaya ake aunawa, sauran a toshe su a DSP. Zauna a kujerar direba, riƙe makirufo yana kallon sama, ka riƙa zagayawa da shi sannu a hankali kusa da kunnen hagu, sannan na dama, cikin faɗin da kai ke motsawa, har matsakaicin ya kai 50 zuwa 100 kuma layi ya daina motsi. Dalilin motsin: a wuri ɗaya tak, layin sama da Hz 1,000 cike yake da tudu da rami waɗanda ke canjawa in ka matsa da santimita biyu. Wanda ya bi su da ikwalaiza yana gyara abin da kunne ba ya ji. Ajiye kowane awo da sunansa, ka sassauta layin zuwa 1/6.

Abin da za ka gani ba zai yi kama da hoton kamfani ba. Ƙasa da Hz 70 zuwa 90 layi zai riƙa hawa, domin ƙaramin ɗaki kamar mota yana ƙara wa bes ƙarfi da kansa. Lasifikar ƙofa za ta nuna rami mai zurfi a wani wuri tsakanin Hz 100 da 600, kuma na hagu ba zai faɗi inda na dama ya faɗi ba. Ramin yana zuwa ne idan sautin da ya bugi akwatin giya ko ɗaya ƙofar ya dawo a makare da rabin tsawon igiyarsa. A Hz 500 wannan kusan santimita 35 ne kawai. Sama da Hz 2,000 kuma layin zai fara faɗuwa, musamman a ƙofar da ke kusa da kai, saboda lasifika mai inci 6.5 tana fara harba sautin sama gaba kawai, kai kuwa a gefenta kake.

Lokaci, kurosoba, sannan ikwalaiza

Motocin Najeriya da Nijar sitiyari a hagu yake, don haka sautin hagu yana riga na dama isowa, sai mawaƙi ya maƙale a ƙofar direba. Auna da tef daga tsakiyar kan direba zuwa kowace lasifika. A ce ka samu: tiwitar hagu santimita 85, ta dama 130, ƙofar hagu 105, ta dama 145, sabwufa (babbar lasifikar bes) 190. Sauti na tafiyar santimita 34.3 a milisakan ɗaya a zafin digiri 20, kusan 35 a digiri 30. Ɗebe nisan kowace daga na mafi nisa, raba da 35. Tiwitar hagu za ta jira milisakan 3.00, ta dama 1.71, ƙofar hagu 2.43, ta dama 1.29, sabwufa sifili. Wasu DSP nisan kawai suke tambaya su yi lissafin da kansu, duba kada ka sa milisakan a gurbin santimita.

Kurosoba a fara da irin da ake kira Linkwitz-Riley, mai gangaren dB 24. Sabwufa da ƙofa su haɗu a Hz 80. Ƙofa da tiwita su haɗu tsakanin 2,500 da 3,500, gwargwadon Fs na tiwitar da inda ka ga layin ƙofa ya fara faɗuwa. Abin lura, lambar da ka rubuta a DSP ba lallai ita ce makirufo zai gani ba, domin gangaren lasifikar kanta yana haɗuwa da na DSP. Wanda makirufo ya gani shi ne gaskiya. In dole sai ka sa dB 12 a hagu da 24 a dama kafin layukan su yi kama, sa.

Don tabbatar da haɗuwar, kunna ƙofar hagu da tiwitar hagu tare. A inda suka haɗu jimlar ta ɗara kowace da kusan dB 6. Juya fositif da negetif na tiwitar a DSP ka sake aunawa: rami mai zurfi ya bayyana a daidai wurin. In ramin ya fito ne kafin ka juya, to juyayyen ne daidai, bar shi haka. In duka biyun babu bambanci sosai, matsa lokacin tiwitar kaɗan-kaɗan har ramin ya yi zurfi. Haka za a yi wa sabwufa da ƙofofi, sai dai a can tef ba ya wadatarwa, akan ƙara wa gaba jinkiri fiye da abin da lissafi ya bayar.

Ikwalaiza ita ce ta ƙarshe, kuma ragewa ake yi da ita. Sauke tudu masu faɗi. Rami mai kaifi a ƙyale shi: ƙara dB 6 yana cin wat ninki huɗu, kuma sautin da ke dawowa shi ma zai ƙaru, ramin ya zauna inda yake, kwayil ya yi zafi a banza. Miƙaƙƙen layi ba shi ake nema a mota ba, yana fitowa siriri mai tsini. Masu saiti da yawa suna barin ƙasa da Hz 60 ya ɗara tsakiya da dB 8 zuwa 10, ya gangaro zuwa wajen Hz 200, ya miƙe, sannan ya sauka a hankali da dB 3 zuwa 6 zuwa ƙarshen sama. Wannan ra'ayi ne, ana iya saɓawa. Abin da ba a saɓawa a kai shi ne hagu da dama su bi layi ɗaya, bambancinsu kada ya wuce dB 1 zuwa 2, musamman daga Hz 300 zuwa 5,000 inda murya take.

Inda tsada ke nuna kanta

Bayan saiti, lasifika mai matsakaicin kuɗi da mai tsada za su iya ba da layi kusan iri ɗaya a dB 75. Bambancin yana fitowa ne in an ƙara murya. Jona kwamfuta da rediyo ta AUX, kafe makirufo a wurin kai, toshe kunnenka, ka yi awon Sweep, sautin da ke hawa daga bes zuwa sama, a dB 85, sannan 90, sannan 95. Layukan uku su hau da dB 5 cif a ko'ina. Inda na sama ya kasa hawa, lasifikar ta kai iyakarta: ko tafiyar takarda ta ƙare, ko kwayil ya yi zafi. Tagulla na ƙara turjiya da kusan kashi 0.39 cikin 100 a kowane digiri, don haka kwayil da ya hau da digiri 100 yana asarar kusan dB 3.

Buɗe shafin Distortion. A zangon murya ana son THD, wato jimlar gurɓacewar sauti, ƙasa da kashi 1 cikin 100. A bes kunne na haƙuri da fiye da haka. Layin H3, gurɓacewa a ninki uku na zangon, ya fi na H2, ta ninki biyu, ɓata sauti. In ya yi tsalle ƙasa da Hz 100, ɗaga kurosoban ƙofa zuwa 90 ko 100 ka bar wa sabwufa nauyin. In tsini ne siriri a wuri ɗaya, kafin ka zargi lasifika kunna sautin wannan zangon shi kaɗai, ka bi ƙofa da tafin hannu kana dannawa. Sau da yawa sandar makulli ce, ko madubi, ko wata waya da ke bugun murfi.

Gwajin kunne

Kunna muryar mai magana guda, labarai ko karatu, da fayil mai kyau, ba wanda aka yi ta turawa a WhatsApp ba. Muryar ta tsaya wuri ɗaya a tsakiyar dashbod, wajen tsayin madubi ko ƙasa kaɗan. In ta karkata hagu gaba ɗaya, rage hagu da dB 1 ko ƙara masa jinkiri kaɗan. In wasu haruffa na tsakiya amma "s" da "sh" na gudu gefe, tiwitocin ba su daidaita ba. Sa kiɗan kalangu: ka ji bugun fata da lanƙwasar sautin daban-daban, kuma daga gaba, ba daga but ba. Bes da ke jan kunne baya alama ce ta kurosoban sabwufa ya yi sama, ko wani abu na rawa a but. Goge ko kukuma kuma suna tona tudun da ya rage tsakanin Hz 2,000 da 4,000, sai ka ji suna sukar kunne.

Tada inji. Kukan da ke hawa da sauka tare da totur daga altaneta yake shigowa, galibi ta wayar ƙasa marar kyau ko wayar RCA da aka bi da ita gefen wayar wuta. Kankare fenti har ƙarfe ya fito, haɗa wayoyin ƙasa na DSP da amfilifaya a wuri ɗaya.

A kan titi ƙarar taya da inji na rufe bes, don haka ajiye saiti na biyu mai ƙarin dB 2 zuwa 3 a sabwufa don tafiya. Ajiye fayil ɗin DSP da awon REW a wuri biyu. Bayan makonni uku ko huɗu sake ɗaure sukurorin zoben, domin hanya mai gargada na sassauta su, ka maimaita awon ƙofofin biyu; gefen takardar ya saki zuwa lokacin, kuma zangon Hz 60 zuwa 100 kan bukaci ɗan ragi.